Hayar motar lantarki a kan Yuro 100 a Faransa: ina arhar take, ina tsadar ta ɓuya

Tsarin da Faransawa ke kira leasing social haya ce ta dogon lokaci wadda gwamnati ke biyan babban kaso na kuɗinta, domin mai ƙaramin albashi ya hau sabuwar motar lantarki ba tare da ya ajiye ko sisi a farko ba. Shugaban Faransa Emmanuel Macron ya yi alkawarinsa, wato mota a kan kimanin Yuro 100 a wata, a yaƙin neman zaɓen 2022, aka buɗe shi a ranar 1 ga Janairun 2024. Gwamnati ta yi tanadin motoci 20,000 zuwa 25,000, amma kafin tsakiyar Fabrairu buƙatu sun kai 50,000, dole aka rufe ƙofa. An sake buɗewa a ranar 30 ga Satumban 2025 da wasu motoci 50,000, sai dai da sharuɗɗan da suka ɗan sauya.

Hukuncina a kansa tun daga farko shi ne arhar gaskiya ce, ba yaudarar talla ba. Amma Yuro 100 ɗin kuɗin haya ne kawai, kuma abubuwa biyu ne ke yanke ko mutum zai ci riba ko zai yi kuka: wurin da zai riƙa yin caji, da yawan kilomitar da yake ci a shekara.

A zagayen 2024 gwamnati ta zuba har Yuro 13,000 a kan kowace mota. Wannan kuɗin ne ya maye gurbin babban kuɗin farko da ake biya a haya ta yau da kullum, shi ya sa farashin wata ya faɗi ƙasa warwas. Renault Twingo ta lantarki ta fito a Yuro 40 a wata, Fiat 500e a 49, Citroën ë-C3 a 54, Peugeot e-208 a 99, Renault Mégane kuma a 150, wanda shi ne iyakar da aka yarda. A 2025 tallafin ya sauko zuwa kimanin Yuro 7,000, kuma ba daga baitulmali yake fitowa kai tsaye ba, daga kuɗin da doka ta wajabta wa kamfanonin makamashi su kashe wajen rage ɓarnar makamashi ne. Nan take farashi ya tashi. ë-C3 ɗin da aka samu a 54 ta koma 95, sabuwar Renault 5 ta fara daga 120, iyakar haya kuma ta koma Yuro 200. Duk wanda ya ji labarin Yuro 54 daga bakin wani ɗan'uwa ya sani cewa wannan kasuwar ta riga ta watse.

Sharaɗin shiga yana da sauƙin fahimta idan mutum ya riƙe takardar harajinsa a hannu. Dole ya kai shekara 18, yana zaune a Faransa, yana da takardar haraji a can. Ba a tambayar ƙasar haihuwa, don haka ɗan Nijar ko ɗan Kamaru da ke aiki a Lil ko Marsai yana cike takardar haraji duk shekara yana da haƙƙi daidai da kowa. A shafin farko na takardar akwai adadin da ake kira revenu fiscal de référence, wato kuɗin shigar gida na shekara a lissafin hukumar haraji. Shi za a raba da yawan kason iyali. Miji da mata kaso 2 ne, yaro na farko da na biyu rabi-rabi, daga na uku kowanne kaso ɗaya cikakke. Abin da ya fito kada ya wuce Yuro 15,400 a dokar 2024, ko 16,300 a ta 2025. Magidanci mai mata da 'ya'ya uku yana da kaso 4, wato gidansa na iya samun har Yuro 65,200 a shekara ya kuma cancanta. Gwauro mai karɓar mafi ƙarancin albashi kuwa a bakin iyaka yake, 'yan awannin ƙarin aiki na iya tsallakar da shi. Sharaɗi na biyu a zagayen 2024 da 2025 na tafiya ne: ko dai tsakanin gida da wurin aiki ya wuce kilomita 15 kuma da motarsa yake zuwa, ko kuma yana cin fiye da kilomita 8,000 a shekara saboda sana'arsa. Ma'aikaci zai kawo takardar shaida daga mai gidansa a wurin aiki, mai zaman kansa kuma ya rubuta takardar rantsuwa da hujjar sana'arsa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne cancanta a idon gwamnati ba ta nufin an samu mota. Kamfanin kuɗi ne ke sayen motar ya ba da ita haya, kuma yana binciken mai nema kamar yadda banki ke yi. Zai nemi takardun albashi na watannin baya, lambar asusun banki, shaidar wurin zama da lasisin tuƙi. Wanda sunansa ke cikin kundin masu matsalar biyan bashi na Babban Bankin Faransa da wuya ya wuce, haka mai kwantiragin aiki na ɗan lokaci yakan sha wahala. Maganar lasisi ma a kula da ita: lasisin ƙasar da ba ta cikin Tarayyar Turai shekara ɗaya kawai yake aiki bayan mutum ya zauna a Faransa. Wanda bai musanya nasa ko ya yi na Faransa ba, ya fara da wannan tukuna.

Yarjejeniyar ba ta gaza shekara uku, kuma iri biyu ce. LLD haya ce zalla, a ƙarshe a mayar da mota a yi sallama. LOA haya ce mai zaɓin saye, an rubuta farashin da za a biya idan ana son riƙe motar bayan wa'adi. Dokar Faransa tana ɗaukar LOA a matsayin wani nau'in bashin masu saye, saboda haka wanda ke da damuwa kan batun riba ya kai takardar ga malamin da ya san mu'amalar kuɗi kafin ya sa hannu, ya kuma nuna masa wanne iri ne daga cikin biyun. A ɓangaren kariya tsarin ya yi abin yabo. Akwai kwana 14 na janyewa, ana iya soke yarjejeniya ba tara idan mutuwa, naƙasa ko rasa aiki ya faru, kuma ana iya neman ɗage biyan wasu 'yan watanni. A haya ta kasuwa, wanda ya rasa aiki a wata na goma yakan tarar ana binsa mafi yawan sauran kuɗin. Wannan kariyar kaɗai ta isa dalilin fifita tsarin a kan tallan dillalai masu kama da shi.

Sai maganar kilomita, inda na fi ganin aibin tsarin. Farashin da aka tallata a 2024 da 2025 ya ƙunshi kilomita 12,000 a shekara, wato 36,000 a shekara uku. Amma an tsara shirin ne domin masu doguwar tafiya zuwa aiki. A yi lissafi: mai tazarar kilomita 16 yana cin 32 a rana, a kwana 220 na aiki ya ci 7,040, ya rage masa kusan 5,000 na kasuwa, makarantar yara da ziyara. Wannan ya zauna daidai. Mai tazarar kilomita 30 kuwa yana cin 13,200 a zuwa aiki kaɗai, ya wuce iyaka tun bai kai iyali ko'ina ba. Kowace kilomitar da ta haura ana biyanta a ƙarshe bisa farashin da aka rubuta a yarjejeniya. Idan santim 10 ne, kuma mutum ya haura da 5,000 duk shekara, ranar mayar da mota za a miƙa masa takardar Yuro 1,500 a dunƙule. Ga gidan da ya shiga tsarin don ƙarancin kuɗi, wannan ba ƙaramin duka ba ne. Maganinsa shi ne a duba mitar tsohuwar mota a san ainihin abin da ake ci, sannan a sayi ƙarin kilomita tun ranar sa hannu. Kusan ko da yaushe ya fi arha a lokacin, ko da hayar wata za ta tashi da 'yan Yuro. Wanda ya ga a tsakiyar wa'adi yana gudu fiye da ƙima ya nemi a gyara yarjejeniyar, kada ya jira ƙarshe.

Caji shi ne gishirin miyar. Ƙaramar mota irin ë-C3 tana shan kimanin kilowat-awa 17 a kilomita 100 idan aka haɗa da abin da ke salwanta wajen caji. Kilomita 1,000 a wata ke nan kilowat-awa 170. A gida, inda farashin wuta yake wajen santim 20, Yuro 34 ne, kuma yana raguwa ga mai tsarin awannin dare masu rangwame. Motar fetur mai shan lita 6 a kilomita 100, a kan Yuro 1.75 kowace lita, za ta ci 105. Wannan bambancin na Yuro 70 shi ne yake biyan mafi yawan hayar. To amma a kai motar nan tashar caji mai sauri ta babbar hanya, inda santim 60 ba abin mamaki ba ne, lissafin ya koma Yuro 102. Ribar ta tafi gaba ɗaya, ga zaman jira a kai. Mai zaune a bene wanda ke ajiye mota a bakin titi, babu soket a wurin aiki, ya yi tunani sau biyu. Ba na ba shi shawarar shiga sai idan akwai turakun caji na ƙaramar hukuma masu arha a kusa da gidansa, kuma ya je da kansa ya ga suna aiki, ba a taswirar waya kawai ba.

Mai gareji ko tsakar gida yana da matakai uku. Na farko soket na gida ne, mai ba da kilowat 2.3. Cika batir mai kilowat-awa 44 daga ƙasa zai ɗauki kusan awa 20, amma ba haka ake rayuwa da motar ba. Awa goma na dare suna mayar da fiye da kilomita 120, wanda ya ishi mafi yawan masu zuwa aiki. Haɗarin yana cikin tsofaffin wayoyi: soket da aka yi don fitila da rediyo idan ya ɗauki amfiya 10 dare bayan dare yakan yi zafi, robarsa ta yi baƙi. Kada a yi amfani da wayar jona wuta ta kasuwa, musamman wadda ke naɗe a kan faifai. Kuma idan wayar kariya ta gidan da ke shiga ƙasa ba ta da kyau, wasu motocin ƙin karɓar caji suke yi sam, mai mota ya ɗauka motar ce ta lalace alhali gidan ne. Mataki na biyu shi ne ƙarfafaffen soket mai layinsa da makatsinsa daban daga allon wuta, yana ba da sama da kilowat 3. A ganina shi ne ya fi dacewa da mai hayar shekara uku, domin kuɗinsa kaɗan ne. Na uku akwatin bango mai kilowat 7.4, wanda ke kai batir daga kashi 20 zuwa 80 cikin awa huɗu. Duk abin da ya wuce kilowat 3.7 doka ta ce sai ma'aikacin wuta mai shaidar IRVE, wato ta ƙwarewa a haɗa na'urorin cajin mota, zai haɗa shi. Akwatin yana jan amfiya 32, gidan da ƙarfin mitarsa kVA 6 ne kuwa ba zai ɗauka ba, da an kunna tanda ko injin wanki wuta za ta yanke. Sai an ɗaga zuwa 9 ko 12, kuɗin wata na mita ya ƙaru. Mai zama a gidan haɗaka da ke da wurin ajiye mota nasa yana da haƙƙin jawo layin caji da kuɗinsa, masu kula da ginin ba sa iya hanawa sai da ƙwaƙƙwaran dalili, amma takardun na cin watanni. A fara su kafin mota ta iso.

Motocin kansu ba ɗaya suke ba, kuma mafi arha a takarda ba ita ce mafi dacewa ba. Twingo mai Yuro 40 batirinta kilowat-awa 22 ne, kilomita 190 a gwajin hukuma, kujera huɗu, kuma ba ta karɓar caji mai sauri. Motar cikin gari ce, ba a kai ta doguwar tafiya. Irin wannan tarkon yana nan a Renault 5 mafi arha: batir na kilowat-awa 40 da tuƙi mai daɗi, amma samfurin ƙasa ba shi da caji mai sauri. Wanda motar nan ce kaɗai a gidansa ya ƙara kuɗi ya hau samfurin sama. ë-C3 mai batir na kilowat-awa 44 tana da kilomita 320 a takarda, tana karɓar kilowat 100, daga kashi 20 zuwa 80 cikin minti 26 idan batir da ɗumi. Kujerunta da laushin tafiyarta sun fi kuɗinta. Sai dai fitowarta ta farko a 2024 ta zo da jinkirin isarwa da kurakuran manhaja, waɗanda aka riƙa gyarawa da sabuntawa a gareji. Duk wanda zai karɓi sabuwar mota, kowace iri ce, ya tambayi dillali ko an ɗora mata manhaja ta ƙarshe, ya gwada caji a gabansa kafin ya sa hannu a takardar karɓa.

Adadin kilomitar takarda kuma a rage masa. A babbar hanya da gudun 130, motar da aka rubuta wa 320 za ta nemi caji wajen kilomita 200. A sanyin Janairu, da na'urar ɗumama ɗaki a kunne, kashi 20 zuwa 30 na kilomitar suna salwanta. Dabarar da ke taimakawa ita ce a ɗumama motar tun tana jone da wuta kafin a fita. Batirin ë-C3 nau'in LFP ne, yana son a cika shi zuwa 100 lokaci-lokaci domin ma'auninsa ya daidaita, in ba haka ba allon zai riƙa nuna adadin da ba gaskiya ba. Na e-208 da Renault 5 nau'in NMC ne, sun fi son a tsaya a 80 a ranakun aiki. Tsufan batir ba damuwar mai haya ba ce, garantinsa shekara 8 ne ko kilomita 160,000, hayar kuwa za ta ƙare tun kafin nan. Abin da ya fi tsayar da waɗannan motoci a ƙofar gida shi ne ƙaramin batir mai bolt 12, irin na kowace mota. Idan ya mutu, babban batir ko yana cike motar ba za ta tashi ba.

Za a lura babu Dacia Spring ko MG4 a cikin jerin na 2024, duk da arharsu. Dalili shi ne makin muhalli da ADEME, hukumar muhalli da makamashi ta Faransa, ke lissafawa, wanda ke duba inda aka ƙera mota da nisan da aka yi jigilarta. Motocin da aka ƙera a Sin ba su kai makin ba. Haka kuma farashin mota kada ya wuce Yuro 47,000, nauyinta kada ya kai tan 2.4. Mota mai haɗa fetur da caji ba ta cikin tsarin ko kaɗan, tallafin sayenta ma an cire shi tun Janairun 2023. Wanda ke tunanin hayarta a kasuwa don gudun matsalar caji ya san cewa rahoton Hukumar Tarayyar Turai na 2024 ya gano hayaƙin da irin waɗannan motoci ke fitarwa a hanya ya ninka na gwaji sau uku da rabi, saboda masu su ba sa caji. Idan ba a jona ta kullum ba, motar fetur ce mai ɗauke da mataccen nauyi.

Inshora ba ta cikin Yuro 100. Motar ba taka ba ce, don haka inshorar da ke rufe komai ita ce hankali, kuma yawancin masu ba da haya ita suke nema. A nemi farashi daga kamfanoni uku kafin a zaɓi mota, domin ga sabon direba ko mazaunin babban birni kuɗin inshora na iya zarce na hayar kanta. A tambaya kuma ko ta ƙunshi cike giɓi idan an sace motar ko ta lalace gaba ɗaya, saboda abin da inshora ke biya yakan gaza abin da kamfanin haya ke bi. Duba mota a gareji bisa jadawalin kamfani wajibi ne, kuma sau da yawa daban ake biyansa. Ba shi da tsada tunda babu man inji, amma tsallake shi na jawo tara. Tayoyi na gaba kan cinye da wuri saboda nauyi da saurin tashi. Fenti mai ƙyalli, wayar caji ta biyu da kuɗin takardun rajista duk a tambaya ko suna ciki. Idan aka tara haya 95, wuta 34, inshora a ce 65, da ɗan tanadin gareji da taya, gaskiyar kuɗin wata ya haura Yuro 200. Har yanzu arha ce idan aka gwada da tsohuwar motar dizal mai shan mai da gyara, amma ninki biyu ne na abin da ke jikin allon talla.

An hana ba da motar haya ga wani, kuma ba dukiyar da za a sayar ko a loda a jirgin ruwa zuwa gida ba ce. Mai niyyar aikin tasi da ita ya karanta yarjejeniyar da kyau, kilomita 12,000 ma ba za su kai shi wata huɗu ba.

Ranar mayarwa ita ce jarrabawa ta ƙarshe. Mai duba mota zai zagaya ta da takarda, ya raba tsufa na al'ada da ɓarna. Ƙujewar bakin ƙafa a jikin dakalin titi, lotsawar ƙofa, tsagewar gilashi, ƙonewar kujera, makulli na biyu ko wayar caji da ta ɓata, kowanne da farashinsa, kuma farashin garejin kamfani ne. Tun ranar karɓa a nemi takardar da ke fayyace abin da ake yafewa, a ɗauki hoton motar ta ko'ina. Wata biyu kafin wa'adi a kai ta wurin mai gyaran jiki mai zaman kansa ya cire ƙananan lotsa, a sa inshora ta canza gilashi idan ya tsage, a wanke ta ciki da waje. A halarci dubawar da kai, kada a sa hannu a kan abin da ba a gani da ido ba.

Waɗanda suka shiga a 2024 za su fara mayar da motocinsu a 2027, kuma babu tabbacin za su sake samun farashin da suka saba da shi. Mai LOA ya gwada kuɗin sayen da aka rubuta masa da farashin irin motar a kasuwar na hannu a lokacin. Darajar motocin lantarki na hannu ta faɗi sosai a shekarun nan, don haka zai iya tarar da irinta a waje ƙasa da abin da ke takardarsa, a nan sai ya mayar ya saya a kasuwa. Mai LLD kuwa zai wayi gari babu mota, babu abin sayarwa. Yuro 70 ɗin da yake ragewa a kan fetur duk wata, idan ya ware su tun daga watan farko, sun kai 2,520 a wata 36, kuma da su zai biya kuɗin mayarwa ya sa kafin alƙalamin mota ta gaba.